Yadda Na Kai Duna Gidan Sobiya

Direba aka ce min zan zama. Da wannan maganar na iso Madina, har ina kitsa irin motar da za a ba ni. Ni dama ban iya zama wuri ɗaya ba. Tun a ƙaramar sakandare na ajiye biro. Na taɓa acaɓa, na taɓa gyaran waya, na bi manyan motoci zuwa Kudu, kowanne kafin ya kama ƙasa na yi gaba. Innata takan ce tafin ƙafata ne ke ƙaiƙayi. Da aka ce Madina, sai ta ce, "To Nafi'u, wataƙila can ne ƙafar nan za ta lafa."

Wanda ya ɗauko ni daga filin jirgi bai shiga gari da ni ba. Ta gefe ya bi, muka wuce Bi'ir Ali, inda masu zuwa Makka ke ɗaura harami. Na ga manyan motocin alhazai a jere, maza cikin fararen mayafai suna fitowa daga masallaci, wani na gyara wa wani kafaɗa. Na ce ko za mu tsaya in yi sallah. Ya ce sai an jima. Muka saki kwalta, muka bi wata hanya cikin baƙaƙen duwatsu har wata gona mai katanga. Dabino, awaki, injin ban ruwa, sai ɗaki ɗaya na bulo. Ya miƙo min mabuɗi. Na garken awaki ne.

Na kira wanda ya yi min hanya daga gida, lambar ta ƙi shiga. Ba ta sake shiga ba har yau. Kafil ɗina, wato ubangidan da takarduna ke ƙarƙashin sunansa, sai ran Juma'a yake leƙowa, ya sauke min shinkafa da burodi da buhun abincin awaki ya juya. Ba mugu ba ne. Shi ma'aikacin gona ya nema, ma'aikacin gona aka kawo masa.

A bayan garken na tarar da kare. Baƙi ne, dogo, haƙarƙarinsa duk a waje, an ɗaure shi da sarƙa jikin wani ƙarfe. Sarƙar ta ci wuyansa har gashi ya daina fitowa a wurin. Da ya gan ni bai yi haushi ba. Kallona kawai ya yi.

Ni a gidanmu kare ba baƙon abu ba ne. Baffana, yayan mahaifina, mafarauci ne, a ƙofar gidansa na koyi tafiya cikin karnuka. Na kwance sarƙar nan, na wanke ciwon da ruwan gishiri, na raba burodina biyu. Na sa masa suna Duna, sunan wani baƙin karen Baffa. Daga ranar, in ina ban ruwa yana bayana, in na hau dabino yana gindi yana jira. Karnukan jeji da ke tsallako katanga su firgita awaki suka ɗauke ƙafa. In kewar gida ta taso min, musamman da yamma lokacin da na san Inna na tankaɗe a tsakar gida, shi nake zaunarwa in yi wa Hausa. Watanni na yi ba wanda ya ji Hausata sai kare.

Sai aka sayar da gonar. Gidaje za a gina. Kafil ya ce ya mayar da ni hannun wani ɗan'uwansa mai shagon facin taya a Al-Sih, cikin gari. Awaki an zo da mota an kwashe. Na nuna masa Duna. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna duwatsu da hannu, wai in sake shi ya tafi.

Na san duwatsun nan. Ba ruwa, ba inuwa, kuma karnukan da ya shafe watanni yana kora suna can suna jiransa. Na ɓoye shi a bayan motar da ta zo ɗaukar injin, muka shiga gari tare.

A Al-Sih mu da yawa ne a ɗaki, ba maganar shigar da kare. Wani kango ne a bayan shagon, ginin da aka fara aka bari, nan na ajiye shi. Da asuba in kai masa abinci, in an tashi aiki in zaga da shi bayan unguwa. Sauran yinin shi kaɗai cikin bulo da zafi. Ya fara kuka. Wani maƙwabci, dattijo mai mutunci, ya same ni a shago ya ce shi ba ya son tashin hankali, amma yaransa na tsoro, kuma ga azumi na matsowa. In watan ya tsaya karen nan yana nan, zai kira masu kwashe karnukan titi. Ban ga laifinsa ba. Sha'aban ya riga ya kama.

Akwai wani Malam Auwalu, ɗan Zariya, da ke karatu a jami'ar Musulunci. Tsohuwar motarsa ba ta sati ba ta zo faci ba. Shi na gaya wa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai Nafi'u! Mutane na zuwa Madina su koma da dabinon ajwa, kai ka zo ka yi ƙani."

"Malam, haramun ne?"

"Ajiye shi a ɗaki don sha'awa, malamai sun hana. Amma na gadin gona ko na dabbobi, wannan an yarda. Matsalarka ita ce ba ka da gona, ba ka da akuya."

Bayan kwana biyu ya dawo, ba don taya ba. Ya ce akwai wani Baba Bakur a Ƙuba, Bahaushen nan ƙasar, kakanninsa da ƙafa suka zo hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Yana da ragowar tsohon lambun dabino da 'yan tumaki, kuma karnukan jeji sun kashe masa ɗan rago. Ya ce a kawo karen ya gani.

"Amma ka ji inda gizo ke saƙar," in ji Malam. "Jikin lambun nan gidan sobiya ne. Yayarsa Hajiya Hawwa ke yi, kuma ita ce mai magana, ba shi ba. Ka san mutanen nan ba kamar mu na gida ba ne a kan yawun kare. Mu a kan ƙwarya kawai muke tsanantawa, su ko rigarka ya lasa sai an wanke."

Sobiya, ga wanda bai sani ba, ita ce kunun zaƙin mutanen Hijaz. Busasshen burodi da sha'ir ake jiƙawa a ruwa, a sa ƙirfa da wani kayan ƙamshi da suke kira hel da sukari, a rufe ta kwana har ta ɗan yi tsami, sannan a tace a sa ƙanƙara. Ba a bari ta wuce kwananta, don kada ta zama abin da ba a sha. Da azumi layi ake yi a kanta.

Na shirya kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Abin da na ga Baffa na yi in zai shiga da kare garin mutane, shi na yi. Na wanke Duna da sabulu tun da asuba. Na ba shi abinci ya ƙoshi, don kare mai yunwa hancinsa ke jansa. Na zaga da shi har ya gaji, ya yi bayan gidansa can nesa da inda za mu. Na yanke gindin jarka na yi masa kwanon ruwa nasa na kansa. Na sami gajeriyar igiya. Na zaɓi hantsi, lokacin da babu masu saye.

Mota ce ta zama aiki. Duk wanda na tsayar, da ya hango kare sai ya taka wuta. Daga ƙarshe wani ɗan Pakistan mai ƙaramar akori-kura ta kwasar ciyawa ya tsaya. Ba ya jin Hausa, Larabcina kuma na kasuwa ne, amma ya duba wuyan Duna, ya girgiza kai, ya buɗe mana baya. Da muka isa Ƙuba na miƙa masa abin hannuna, ya ture, ya ɗora hannu a ƙirji ya tafi. Sai da ya sha kwana na tuna kwanon jarkar nan yana cikin ciyawarsa.

Ban matsa ƙofa ba. Daga tsallaken hanya na tsaya na yi sallama, igiya a naɗe a hannuna. Wani tsoho siriri mai farar jallabiya ya fito yana ƙanƙance ido.

"Kai ne ɗan Malam Auwalu? Ahlan, ahlan. Ɗan ina ne?"

"Ƙasar Gumel, Baba."

"Gumel! Kakata takan ambace ta. Har yanzu tana nan?"

"Tana nan, Baba. Ni ne dai ba na nan."

Ya yi dariya, ya ce in zagayo ta ƙofar lambu. Lambun ƙarami ne, dabinonsa dogaye, tsofaffi, gidajen bene sun kewaye shi ta ko'ina. Tsakanin lambu da ɗakin da ake sobiya akwai wata siririyar magudana ta siminti da ruwa ke bi zuwa gindin itatuwa. Duna ya ga tumaki bai ko ɗaga kunne ba. Na ce ya kwanta, ya kwanta. Baba Bakur ya zaga shi yana "Masha Allah."

Sai wata murya daga ciki. "Ya Bakur, baƙo a rana? Haka aka koya maka?"

Hajiya Hawwa ce. Gajera, mai jiki, hannun rigarta a naɗe. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kare, ta dube ni.

"Ya waladi, ɗana, ɗaure abinka ka shigo ka sha. Ba a zuwa gidan nan a fita da busasshen maƙogwaro."

Na ce hannuna ya taɓa igiyar kare. Ta nuna min famfo da sabulu. Na ga alamar maganar ta yi mata daɗi.

Na ɗaure Duna jikin wani turke a lambu. Amma da na zo zarge igiyar, yatsana ya taɓa tabon sarƙar nan, sai na sassauta. Na ce ai ya gaji, ya ƙoshi, minti nawa ne.

Ciki da sanyi, ƙamshin ƙirfa ko'ina. Manyan robobi a rufe, matata a rataye. Kusa da ƙofa akwai wani babban baho na ƙarfe da ta gama tacewa, fara sol. Ta ce wannan ita ce ta farkon shekara, ba a sayar da ita. Tun zamanin mahaifiyarsu, kafin azumi ake rabawa maƙwabta su ɗanɗana, su sa albarka. Ta ɗebo min a kofi. Na kai baki ke nan na ji ƙarar farce a kan siminti.

Tunda na kwance masa sarƙa, Duna bai taɓa ganin na shige wata ƙofa a baƙon wuri na ɓace masa ba. Ya zare kansa daga igiyar, ya tsallake magudana, ya shigo. Ga ƙishirwar tafiya, ga kwanonsa ya bi mai ciyawa. Kafin in ajiye kofi ya tsoma baki a bahon nan.

Ba wanda ya yi ihu. Da an yi ihun ma da ya fi min sauƙi. Baba Bakur ya ce, "La haula." Na damƙi wuyan Duna na fitar da shi, na ɗaure, wannan karon da gaske. Na dawo na tarar Hajiya ta kama kunnen baho ɗaya.

"Kama ɗayan," ta ce.

Muka ɗauka tare har lambu, muka tuttular a gindin dabino. Na tsaya ina kallon ƙasa na shanye aikin kwanakinta. Na ce ta bar min wankin. Na ɗebi ƙasar lambu na dirje bahon ciki da waje, sannan na bi da ruwa har sau bakwai ya cika, yadda aka koya mana tun muna yara. Tana tsaye tana kallo. Na wanke inda ya taka, na wanke bakin ƙofa. Da na gama na ce, "Hajiya, ki yafe min. Zan tafi da shi."

"Ka tafi da shi ina?"

Na tuna kangon Al-Sih da maƙwabcin nan. Ta ci gaba da magana.

"Mutane da abin nan suke buɗe baki, ya waladi. Yini guda ba ci ba sha, abin da ya fara shiga cikinsu daga hannuna ya fito. In aka ce kare na shiga ɗakin nan, ko da sau ɗaya, an gama. Kuma ko ba a ce ba, ni na sani." Ta juya ta dubi Duna, ya kwantar da kai a kan ƙafafunsa yana kallona. "Amma shi ba sobiya ta kawo shi ba. Kai ya biyo. Ka ga magudanar nan? Daga can nasa, daga nan nawa. In ka koya masa kafin wata ya tsaya, ya zauna da tumakin Bakur. In bai koya ba, shi ke nan, sai ka tafi da abinka."

Kullum bayan sallar asuba sai in kamo hanyar Ƙuba, in koma shago kafin a buɗe. In tsaya da shi bakin magudana, in ya ɗaga ƙafa in ce "A'a," in ya ja baya in shafa kansa. Duna ba daƙiƙi ba ne. Aka ajiye nama a tsallake, ya kalla ya kau da kai. Kyanwa ta gitta, bai bi ba. Baba Bakur ya tsallaka ya kira shi da gangan, ya tsaya cak a bakin ruwa yana kaɗa wutsiya. Karnukan jeji kuwa suka daina zuwa, har Baba ya fara kiransa "askari," wato soja.

Abu ɗaya ya gagara. Da na juya zan tafi, sai ya biyo. In na fita ta ƙofar lambu, ya zaga ya tsallake magudana ya nemi hanya ta ɗakin sobiya, don ya gane ta can ma ana fita titi. Dole sai an ɗaure shi kafin in tafi, in an ɗaure kuma ya yini yana kuka yana jan igiya, har tabon ya fara tsagewa. Ranar da ban zo ba, in ji Baba, lafiya lau yake yini cikin tumaki. Ranar da na zo ce masifa.

Saura kwana kaɗan azumi Hajiya ta kira ni bakin ƙofa. Ta miƙo min sobiya a kofi, ta jira na shanye.

"Ɗana, karenka ya koyi magudana. Rabuwa da kai ce bai koya ba."

"Zan ƙara ƙoƙari, Hajiya."

"Ba ƙoƙari ba ne. Ko ka daina zuwa, ko ka tafi da shi. Ni ban iya ganin dabba a ɗaure tana kuka a watan azumi, ban kuma iya barinsa a sake kana shige da fice."

Baba Bakur ya ce in bar masa tsohuwar rigata ya riƙa kwanciya a kai. Na ce a'a. Na ga yadda Baffa ke yi in ya ba da kare. Ba ya barin komai mai warinsa. Sabon mai shi ne zai ba da abinci da hannunsa, shi kuma tsohon ya tafi ba kira, ba waiwaye. Ina yaro nakan ce Baffa ba shi da tausayi.

Washegari na zo da kan kaji a leda na ba Baba. Ya durƙusa da ƙyar a can ƙarshen lambu yana miƙa wa Duna ɗaya bayan ɗaya. Ban shafa shi ba, ban kira sunansa ba. Hajiya ta buɗe min ƙofar ɗakinta, na bi ta tsakanin robobi na fita titi, ta rufe a hankali. Na yi tafiya mai nisa kafin in tuna ana shiga mota.

Azumi ya kama. Na yi ta faci da bakin azumi, in an sha ruwa in kira Inna. Ta ce muryata ta canza. Na ce zafi ne. Ban tambayi kowa labarin Ƙuba ba, don ina tsoron amsar. Kare na iya ƙin abinci har ya mutu, na taɓa gani.

Sai cikin goman tsakiya Malam Auwalu ya ce zai je sayen sobiya, in raka shi. Na ce ya ajiye motar nesa. Da muka sauka na ɗebi 'yar ƙasa na saki, yadda mafarauta ke yi, in ga inda iska ta nufa. Daga lambun take busowa zuwa titi. In haka ne ba zai ji warina ba. Malam ya dube ni, wannan karon bai yi dariya ba.

Layi ya kai har kwanar titi. Larabawa, Hausawa, 'yan Indiya, kowa leɓe a bushe. Baba Bakur na teburi yana ƙulla leda, fara da ja, Hajiya na miƙo masa daga ciki. Ina jin kukan tumaki ta bayan katanga. Sai na ji haushi, sau biyu, mai kauri, irin wanda yake yi in baƙuwar mota ta tsaya. Bakina ya haɗu zai yi fito da kansa. Na cije leɓe.

Saura mutum kaɗan a gabana na ji iska ta taɓa min ƙeya. Ta juya, yanzu daga titi take shiga lambu. Na fita daga layi. Na bi hanya da sauri har na wuce shaguna, na zauna a kan wani dakali inda ake hango hasumiyoyin masallacin Ƙuba.

Can sai ga Malam da leda biyu. Ya miƙo min ɗaya, sanyinta har cikin ƙashi.

"Hajiya ta hango ka. Ta ce wannan taka ce, ba ta sayarwa ba." Ya zauna kusa da ni. "Ta ce in gaya maka da farko ya ƙi ci, Baba Bakur har ya fara kwana da damuwa. Yanzu yana ci. Igiyar ma an ba tumaki. Kuma tun ranar da ka fita bai tsallake magudana ba."

Na riƙe ledar da hannu biyu. Ladan ya ɗaga murya. Na yi bismillah, na huda gefenta da haƙori, na sha.